Musayar baitoci tsakanin mutanen Zariya a kan ƙwaƙwalwar waya

Mai Gyara na PZ:
Salamu alaikum. Yau na je sayen aisi, ƙwaƙwalwar nan ta cikin waya. Kuɗin da aka faɗa min ne ya sa na dawo shago da waƙa.

Abu ɗan mitsitsi kamar gero a gindin ƙwarya,
Shi ne ran mota, shi ne ran waya,
An ce da yashi ake yin sa, ba ƙarya,
To me ya hana yashin rafin Kubanni cin kasuwar duniya?

Malama ta Samaru:
Ƙanena, yashi kowa na da shi, ba a rasawa,
Tace shi ne aiki, da zane siriri marar ganuwa.
Babban injin da ke zanen da haske, kamfanin ASML kaɗai ke ƙerawa,
Can Holan, guda ya haura dala miliyan 150 wurin sayarwa.
Masana'antar TSMC ta Taiwan tun 1987 ƙwayar take bugawa,
Kusan kashi 90 na mafi inganci daga can suke fitowa.
Tulun duniya ke nan a kan tsibiri ɗaya, babu sauyawa,
Sin kuwa ta ce tsibirin nata ne, ba ta janyewa.

Baba Dillalin Mota, Tudun Wada:
'Yata, abin da ya faru a 2021 na gani da idona,
Ƙwayar ta yanke, masana'antun mota suka rufe da rana,
Motar Beljiyam ta yi tsadar da ta fi ƙarfina.
A 2022 Amurka ta ware dala biliyan 52, ta ja maƙeran ƙwayar har jiharta Arizona,
Ta ce wa Sin, manyan ƙwayoyi ba kya samu a wurina.
Da 2023 ta zo Sin ta rama: ma'adinan haɗa ƙwayar, galiyam da jamaniyam, sai da izinina.

Ɗalibin Injiniya:
Baba, duk da rigimar, kasuwa ba ta tsaya jira,
Ta haura dala biliyan 600 a 2024, albarkacin ƙirƙirarriyar basira.
Kamfanin Nvidia ba shi da maƙera, zane yake yi, Taiwan ta yi ƙira,
Zane kuwa kai ne da kwamfuta, mu ma a Samaru sai mu fara.

Malama ta Samaru:
Ɗana, zane na yarda, maƙera dai ka manta.
Fari ya kama Taiwan a 2021, sai da tanka TSMC ta kai ruwan buƙata,
Lantarki ya ƙifta sau ɗaya, aikin makonni ya ɓata,
Mu da 'yan garuwa ke shayar da mu, muna sowa in an kawo wuta!

Mai Gyara na PZ:
Malama, na gode. Mai wayar na nan a benci tun azahar, na karanta masa duka.

Na ce laifin Taiwan ne da Holan da dala gaba ɗaya,
Ya ce duk ya ji, amma a rage masa dubu ɗaya.