"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": to, yaushe yake bushewa?

Uban Biyar:
Assalamu alaikum jama'a. Karin magana ce ta haɗa ni gardama da ƙanena jiya da dare. Ɗana na fari ya samu gurbin karatu a jami'a, shekararsa 19. Tun yana ƙaramar sakandare na sa wa wayarsa manhajar da ke toshe shafukan batsa da na caca. Yanzu zai tafi, ya ce in cire masa. Na ce a'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙanen nawa ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, ai kai karin maganar nan ta kayar, iccen naka ya riga ya bushe." To masana, ni da shi wa ya fahimce ta daidai?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka yi haƙuri, ƙanenka ya fi ka kusa da ma'ana. Nauyin maganar duk yana kan kalmar "tun". Gargaɗi ne game da lokaci: yi da wuri, don akwai ranar da in ka danna zai karye a hannunka. Shi ya sa ake faɗa wa uban ɗan shekara bakwai, ko kuma a faɗe ta cikin nadama bayan yaro ya gagara. Kai ka ɗauke ta a matsayin izinin ci gaba da dannawa, ita kuwa ba ta ba da wannan izinin ba.

Gwaggo Babba:
Malam, wa ya ce maka ɗan shekara 19 busasshe ne? Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, na yarda, doka dole ta tsayar da lamba. Amma hankali ba ya cika ranar da aka cika shekara. Masu binciken ƙwaƙwalwa ma sun ce sashen gaba, wanda ke auna abin da zai biyo bayan aiki, yana ci gaba da girma har wajen shekara 25. Ga shi zai fara riƙe kuɗin makaranta da kansa, ga caca a cikin waya dare da rana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Alhaji, kar ka cire.

Sarkin Gardama:
Ni dai mu "itace" muke cewa, kuma "tanƙwasa".

Malam Mai Alli:
Duk ɗaya ne, bambancin karin harshe ne kawai.

Mai Gyaran Waya:
Iyayena ku bari in sa baki, don wannan sana'ata ce. Kafin a yi gardamar ko ya dace, a tambaya ko yana aiki. Yawancin tacewar da ake yi a gida ta hanyar DNS ce, wato littafin adireshin da waya ke tambaya kafin ta buɗe shafi. Misali kamfanin Cloudflare ya fito da DNS mai lamba 1.1.1.3 a 2020, in ka sa shi a na'urar waifai ta gida, sai a ƙi ba wayar adireshin shafukan banza. Yaro ya kashe waifai ya kunna data, an gama. In a kan wayar aka sa, akwai VPN, manhajar da ke zagaye tacewar, akwai wayar aboki, akwai ƙaramar waya ta biyu da ba wanda ya san da ita. Family Link na Google da ya fito a 2017 da Screen Time na Apple na 2018, waɗanda iyaye ke kula da wayar 'ya'yansu da su, sun fi ƙarfi, amma don yara aka tsara wannan kulawar, ba don wanda zai kwana a ɗakin ɗalibai wata huɗu ba ka gan shi ba.

Sannan manhajar ba ta da hankali. Takan ga kalma ta toshe. Ɗalibin likitanci zai nemi bayani kan sankarar mama ko cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, ta rufe masa ƙofa daren jarrabawa.

'Yar Aji Uku:
Baba, ni sa'ar ɗanka ce, ka yafe mini in na yi rashin kunya. Akwai abin da ban ji an faɗa ba. Mai tanƙwara icce yana ɗaure shi da igiya, amma burinsa ranar da zai kwance igiyar iccen ya tsaya a yadda aka so. Igiyar hanya ce, siffar ita ce manufa. Ka ɗaure shekara shida. In ka kwance ya miƙe ya koma yadda yake, ƙarin shekara huɗu ba za su gyara ba. In kuma ya tsaya, igiyar me take yi?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun da takurawa ke haifarwa. Wata ƙawata an yaudare ta a intanet, wani ya riƙa yi mata barazana da hotunanta yana karɓar kuɗi. Ta yi wata biyu ba ta faɗa a gida ba, saboda faɗar na nufin ta amsa cewa ta daɗe da zagaye abin da aka sa mata a waya. Tsoron faɗan gida ya fi mata tsoron ɗan damfarar.

Gwaggo Babba:
Allah ya kyauta, 'yata, abin ya taɓa ni. Amma ba don wani ya tsallake katanga za a ce a daina gini ba. Ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi.

Malam Mai Alli:
Hajiya, "ƙi" a wannan karin maganar tsawatarwa ce, kuma tsawatarwa da baki ake yi, ido da ido. Manhaja ba ta tsawatarwa, rufe ƙofa kawai take yi ba ta ce don me ba. Ni zan raba abin gida biyu. Waifai na gidanka naka ne, akwai ƙanne huɗu a ciki, ka tace shi yadda ka ga dama, shi ma in ya zo hutu ya bi dokar gida. Wayar da ke aljihunsa a makaranta kuwa, ko dai da yardarsa ko kuma a bari. Wanda ban yarda da shi ba sam shi ne a sa a ɓoye. Ranar da ya gano, kuma zai gano, ka ji ƙarar karyewar da ake faɗa.

Uban Biyar:
Na gode ƙwarai. Na zaunar da shi bayan isha'i, na karanta masa abin da 'Yar Aji Uku ta rubuta, na tambaye shi shi me yake tsoro a can. Ban zaci amsar ba. Ya ce cacar ƙwallo, don abokansa biyu sun riga sun faɗa ciki. Ya ce in cire komai, na cacar shi zai sa wa kansa da hannunsa. Na cire. Ƙanena yana ta yi mini dariya har yanzu.

Gwaggo Babba:
Madalla da yaro. Lambar sirrin manhajar toshe cacar fa, a hannun wa za ta zauna?

Uban Biyar:
Hajiya, a kan wannan muke tun safe. Shi ya ce kawunsa, ni na ce uwarsa.