Masu jin waƙar kantiri, kunnenmu za mu bi ko bakin masu sharhi?

Baban_Ummi, Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina da tambaya kuma ba neman faɗa nake ba. Ni tun ina yaro nake jin kantiri, wato waƙar mutanen karkarar Amurka, marigayi babanmu direban babbar mota ne yana ɗaukar goro daga Kumasi zuwa arewa, a motarsa ban da karatun Alƙur'ani kaset biyu ne kawai ke juyawa, Don Williams da Jim Reeves, har yau in na ji muryar Don Williams sai in ji kaman muna kan hanyar Tamale da daddare. To kwanaki 'yar ƙanwata ta tura min albam ɗin Beyoncé, Cowboy Carter, wanda ya fita a watan Maris 2024, ta ce Kawu ga kantiri na zamani, duk manyan jaridu sun yaba. Na zauna a shago na ji shi tun daga farko har ƙarshe, waƙa 27, wlh bai shige ni ba, musamman Jolene, tsohuwar waƙar da ta sake rerawa. Ta Dolly Parton ta 1973 mace ce take roƙon wata mace kada ta ƙwace mata miji, wannan roƙon shi ke sa mutum ya ji tausayi, ita kuma wannan ta mayar da shi kashedi. Da na faɗa wa yarinyar sai ta yi fushi wai ina bin bayan masu ƙin baƙar fata. Na leƙa intanet na ga abin ya fi haka, wani mai sharhi a Washington Post ya kushe albam ɗin masoyanta suka yi masa caa, su ma waɗanda suka yaba masoyan tsohon kantiri suna ce musu ba su san komai ba. Shin yanzu mutum ba shi da ikon ya ce abu bai masa daɗi ba? Kuma su masu sharhin nan wa suke rubuta wa?

Rahmatu_Asawase:

Wa alaikumus salam Kawu. Ni ina cikin masu son albam ɗin sosai amma ba zan ce kana ƙin baƙar fata ba, ai kowa da kunnensa. Sai dai ka duba inda fushin masoya ya samo asali, ba haka kawai suka tashi ba. A 2016 Beyoncé ta yi waƙa a bikin CMA, wato babban bikin masu kantiri a Nashville, mutane da yawa suka yi ta cewa ba wurinta ba ne, ita da kanta ta rubuta cewa albam ɗin ya samo asali ne daga wani lokaci da ta ji ba a yi maraba da ita ba. Sannan da waƙarta Texas Hold 'Em ta fita wani gidan rediyo a Oklahoma ya fara ƙin sawa sai da masoya suka dame su da saƙonni. Albam ɗin ya hau saman jerin kantiri na mujallar Billboard, ita ce baƙar mace ta farko da ta yi haka, amma a bikin CMA na 2024 ko sunanta ba a saka a takara ba, ko guda ɗaya. To mutumin da ya ga duk wannan, in ya karanta wani yana kushewa ba waƙa yake gani ana kushewa ba, gani yake an sake rufe ƙofa. Maganar Jolene kuma Kawu ka yi haƙuri, mu mata mun gaji da roƙo, wace ce za ta durƙusa wa mai neman raba ta da mijinta? Kuma Dolly ɗin da kanta muryarta na cikin albam ɗin, ita ta gabatar da waƙar.

Sani_MaiKaset, Kejetia:

Yaya Baban Ummi na ji daɗin wannan tambaya, shekara da shekaru na sayar da kaset da CD kafin waya ta kashe mana kasuwa, kuma ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce ba ni Kenny Rogers saboda jarida ta yaba ba, mutum ya ji ne a rediyo da safiyar Lahadi ko a cikin trotro ko wurin aski sai ya zo nema, wani ma bai san sunan waƙar ba sai ya rera maka ka gane. Abin da na lura da shi shine masu sharhi da masu saye ba abu ɗaya suke nema ba. Mai sharhi ya ji albam ɗari a shekara, ya ƙoshi, sabon abu yake so, wanda ya haɗa wannan da wancan ya ba shi abin rubutawa. Shi kuma direba ko tela yana son muryar da za ta zauna da shi awa goma ba ta dame shi ba. Ka duba mawaƙin kantiri Morgan Wallen, masu sharhi da dama suna cewa albam ɗinsa ya yi tsawo da yawa, na 2023 waƙa 36, na 2025 waƙa 37, suna cewa duk kusan labari ɗaya ne na giya da rabuwa da budurwa, amma mutanensa ko a jikinsu, suna cika filin ƙwallo don kallonsa. Su ma in ka taɓa shi sai su ce ai 'yan birni ne ke raina mutanen ƙauye. Ka ga kenan kowane ɓangare na da tabon da yake karewa.

Malam_Idi, Tafo:

Ina so in ƙara abu biyu. Na farko ga Baban Ummi, ita kanta mawaƙiyar ta faɗa kafin fitowarsa cewa wannan ba albam ɗin kantiri ba ne, albam ɗin Beyoncé ne, don haka in ka shiga da tsammanin Don Williams dole ka fito hannu rabbana, kaman ka je neman tuwon zafi aka ba ka waakye. Amma akwai abin da masu sharhi suka koya min wanda kunnena kaɗai ba zai ba ni ba. Ta dalilin sharhi na san Linda Martell, baƙar mace ta farko da ta yi waƙa a Grand Ole Opry, babban dandalin kantiri na Nashville, a 1969, wadda aka manta da ita shekaru masu yawa kuma muryarta na cikin albam ɗin. Ta nan na san cewa banjo ɗin da ake kaɗawa a kantiri bayi ne 'yan Afirka ta Yamma suka kai asalinsa can, dangin su molo da gurmi ne da akonting na mutanen Senegal da Gambiya, tun daga ranar in na ji banjo sai in riƙa jin kaman ɗan gida ne ya yi tafiya ya dawo da wani harshe.

Na biyu ga Rahmatu, ƙanwata na yarda da tarihin da kika kawo amma bai halatta zagi ba. A 2024 mujallar Paste ta buga sharhin albam ɗin Taylor Swift, wadda ita ma da kantiri ta fara, ba tare da sunan marubucin ba, suka ce saboda a 2019 an yi wa wani marubucinsu barazana kan sharhi. Mutum ya ɓoye sunansa don ya faɗi ra'ayi kan waƙa! Wannan ya dame ni ƙwarai, domin in kowa ya tsorata sai yabo kaɗai zai rage, kuma ranar da aka yabi wadda kike so ba za ki san ko da gaske ake ba.

Rahmatu_Asawase:

Gaskiya ne Malam, ni ma ban goyi bayan barazana ba, kuma ai a Fabrairu 2025 Beyoncé ta ci kyautar Grammy na albam ɗin shekara da na kantiri duka, ban ga abin da ya rage na zagin wani ba. Kawu don Allah ka bar Jolene ka sake jin wadda ta yi da Miley Cyrus, a hankali take, ina ga za ta fi kusa da irin naka.

Baban_Ummi, Aboabo:

Na gode muku duka Allah ya bar zumunci. Malam Idi maganar banjo ta tsaya min a rai, babanmu ya rasu bai san cewa abin da yake ji a mota ɗan uwan molo ba ne, da ya ji daɗi ƙwarai don yana son masu molo. Kan Jolene dai ina nan kan bakana Rahmatu, roƙon nan nake so. Amma zan kira 'yar ƙanwata ta zo shago ranar Asabar bayan la'asar mu ji wadda kika ce tare, ni kuma in sa mata Don Williams ta zauna ta ji har ƙarshe.