Jikin injin an rubuta Nashuatec, mai gyara ya ce in sayo tonar Ricoh

Mai_Fotokwafi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na buɗe ɗan shagon fotokwafi a Bauchi Road kusa da jami'a a nan Jos, yawanci handawut ɗin ɗalibai nake yi. Injina na gwanjo ne, daga Legas aka kawo min, a goshinsa an rubuta Nashuatec. Da tona, wato garin tawadar injin, ta ƙare na kira mai gyara, ya leƙa bayan injin kawai ya ce in nemo ta Ricoh. Na ce masa ai wannan ba Ricoh ba ne, sai ya yi dariya ya ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Don Allah gaskiya ne, ko ci da ni zai yi? Ni dai Canon da Sharp na sani.

Yayanku_na_Terminus:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kwantar da hankalinka, mai gyaran bai cuce ka ba. Na daɗe ina kwance injinan nan, cikinsu ɗaya ne, rigar ce kawai ta bambanta.

Ricoh kamfanin Japan ne, hedikwatarsa a Tokyo. Wani mutum mai suna Kiyoshi Ichimura ya kafa shi a 1936, kuma ba da inji ya fara ba, da takarda ya fara. Cibiyar binciken kimiyya ta Riken ce ta ƙirƙiro wata takarda mai sinadari wadda haske ke fito da zane a kanta, shi kuma ya riƙe harkar sayar da ita. Daga nan suka shiga kamara, Ricohflex III ta 1950 ta yi kasuwa sosai. A 1955 suka fito da injin kwafinsu na farko na ofis, Ricopy 101, wanda da irin waccan takardar tasu yake aiki. Ka ga dabara: su sayar maka da inji sau ɗaya, kullum kana dawowa sayen takarda. Yau ma ai haka muke da tona. Sunan Ricoh a 1963 kamfanin ya ɗauke shi, a 1974 kuma suka fito da faks mai aika shafi cikin minti ɗaya.

Abin da ya shafe ka shi ne yadda suka shiga Turai da Amurka. Maimakon su yi ta kokawa da kamfanonin da suka riga su kafa kai a can, sai suka riƙa saye su da dillalansu da kwastomominsu. A 1995 suka sayi Savin na Amurka da Gestetner na Ingila, wanda Nashuatec da Rex-Rotary ke ƙarƙashinsa. Suka kuma sayi Lanier a 2001, IKON a 2008, dukansu na Amurka. Sunayen kuma ba su goge su nan take ba, tunda mutane sun saba da su. Injinan gwanjonmu yawanci daga ofisoshin Turai suke, shi ya sa kake ganin Nashuatec.

Malam_Mai_Ritaya:
Ikon Allah, ashe Gestetner ma Japanawa sun saye shi! Yaro, ku kun samu sauƙi. Lokacin da nake koyarwa, takardar jarrabawa sai an buga ta da tafireta a kan sitensil, a cire ribon don haruffan su huda shi. In aka yi kuskure a shafa wani jan ruwa mai warin jan farce, a hura ya bushe. Sannan a ɗaura sitensil ɗin a jikin Gestetner, a matsa baƙar tawada, masinja ya yi ta juya hannu har kafaɗa ta gaji. Ranar gurza jarrabawa ba ka sa farar riga. Kuma sai hedimasta ya tsaya a kai an ƙona sitensil ɗin, kar tambayoyi su fita.

Mai_Fotokwafi:
Na gode Yaya, na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To kowace tonar Ricoh na samu in zuba?

Yayanku_na_Terminus:
A'a, kar ka soma. Duba farantin da ke bayan injin ka kwafo lambar samfurin, ko ka tafi da tsohuwar kwalbar, mai shago zai haɗa maka da tonar Aficio, wato samfurin Ricoh, wadda ta yi daidai da shi. In ka zuba wadda ba tasa ba, kwafi zai fito dishi-dishi ko ya ɓata maka diram, wato gangar da ke ɗora tona a kan takarda. Kuma da ƙurar hunturun nan ta Jos, ka riƙa lulluɓe shi da zane in za ka tashi.