Ɗana an haife shi da tsagaggen leɓe a ƙasar Sin, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kasuwanci a Gwanzu, matata Basiniya ce. Allah ya ba mu ɗa namiji, amma leɓensa na sama a tsage yake ta hagu, tsagar ta wuce har ganda. In yana shan nono sai ka ga ya biyo ta hanci, ya ƙware, ya gaji kafin ya ƙoshi. Mahaifiyarsa kullum cikin kuka take. A gida kuma dangi na cewa daga jinin Sinawa ne, wai a can abin ya yi yawa. Gaskiya ne? Kuma a nan zan yi masa aiki ko in kawo shi gida?

Amsar wani likitan yara:
Wa'alaikumus salam. Allah ya raya, ya ba shi lafiya. Eh, ya fi yawa a gabashin Asiya. A duniya ana samun jariri 1 cikin kusan 700. A ƙasar Sin ana samun kamar 1 cikin 600, a baƙar fata kuma ana kiyasta 1 cikin 2,500. Amma wannan lissafin al'umma ne, ba zai nuna maka wanda yaro ya gado ba. Leɓe na haɗewa tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, ganda ta biyo baya, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Gado daga kowane ɓangare na iya sa hannu, haka hayaƙin taba, ciwon suga da wasu magungunan farfaɗiya. Sau da yawa ba a gano sanadi. Irin tsagar ɗanka ta fi samun maza, kuma ta fi zuwa ta hagu. Ana ɗinke leɓe a wata 3 zuwa 6, ganda kuma kafin wata 18, don kada magana ta lalace. A riƙa duba kunnensa, ruwa na yawan taruwa musu a ciki.

Amsar wata nas:
Yayana, yanzu ciyarwa ce a gaba, don ba a yi wa yaro aiki sai ya yi nauyi. Mai tsagar ganda ba ya iya zuƙa da ƙarfi. Ta tatsa nononta a fida mai laushi da ake matsawa, ta riƙe shi a zaune, ta ba shi kaɗan-kaɗan, ta sa shi gyatsa akai-akai don yana haɗiye iska. Kada shan ya wuce minti 30. Sannan don Allah ka tare mata maganar dangi, mai jego ce a cikin damuwa.

Amsar wani ɗan kasuwa:
Alhaji, ni dai na ce ka yi a can Sin. Yawan masu matsalar ya sa likitocinsu sun goge sosai. Asibitin haƙori na West China a Chengdu ya yi suna a wannan aiki. Ƙungiyar Smile Train ma a Sin ta fara a 1999, tana biyan kuɗin aikin, kuma tana aiki da asibitoci a Najeriya in har dawowa ta kama.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Likita, in muka sake haihuwa fa?

Likitan:
Yiwuwar ta ɗan ƙaru, amma mafi yawan ƙanne lafiya lau ake haihuwarsu. Ta fara shan ƙwayar bitamin ta folik asid tun kafin ta ɗauki ciki, kuma kada a sha taba kusa da ita.