Don Allah ku ba ni shawara: LASIK, PRK ko SMILE? Biki saura wata biyu

'Yar Arkilla: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare nake sa gilashi, ba na ganin nesa. Yanzu shekaruna 26, ina koyarwa a wata firamare. Lambar gilashina -5.50 a dama, -6.00 a hagu, in na cire shi ko wanda ke tsaye bakin ƙofa ba na ganewa. Babu irin abin da ban sha ba a kansa. A makaranta "ido huɗu" ake ce mini. Ranar bikin yayata kabu-kabu ya watsar da ni wajen Gawon Nama gilashin ya fashe, haka na yini ina gane mutane da murya. Kwanan baya kuma wata gwaggon wanda zan aura ta tambayi Inna wai ko abin gado ne. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai.

Na kwashi adashina, na sayar da 'yan kunnena, na je Abuja aka gwada ni don aikin gyaran gani da hasken leza, in rabu da gilashi. Aikin iri uku ne: LASIK, PRK da SMILE. Likita ya ce kaurin tantanin gaban idona, wanda suke kira koniya, maikron 498 ne da 502 (maikron dubu ne milimita ɗaya). Bai yarda da LASIK ba, ya ce in zaɓa tsakanin PRK da SMILE. SMILE ta fi ƙarfina, PRK kuma an ce akwai zafi da jinya. Wani asibitin da na tura wa takardun ta WhatsApp sun ce in zo kawai, LASIK za ta yiwu. Biki tsakiyar Janairu ne, ina son a yi aikin a hutun Disamba. Wanne zan yi?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kada ki wahal da kanki, LASIK za ki yi. Ni a Alƙahira anka yi min a 2019, ido biyu ko minti ashirin ba a kai ba, washegari ina karanta lambar mota daga nesa. PRK tsohon yayi ce, tun 1995 Amurka ta amince da ita, wa ke komawa baya? Wanga likitan naki so yake ya tura ki SMILE don ta fi kuɗi, mun san halinsu.

Maman Khalil: Ni dai ido ba na wasa da shi. Babanmu aka kai aikin ido na kyauta, ya dawo gara jiya da yau, kuma da muka koma ko mai sauraronmu babu. Har yau ƙanena ke jansa zuwa masallaci. Ki riƙe gilashinki, baiwar Allah.

Sista Hajo: Maman Khalil, Allah ya ba Baba lafiya, amma nasa aikin yanar ido ne, a cikin ido ake yinsa. Wannan a saman ido ne.

'Yar Arkilla, a sashen ido nake aiki, ba likita ba ce ni, amma bari in yi miki lissafin da likitanki ya yi. Kaurin koniyar yawancin mutane yana wajen 540, naki 500. A LASIK ana yanka ɗan murfi mai kaurin 110 ko makamancin haka a ɗaga shi, leza ta kankare ƙasansa, a mayar da murfin. Gyaran -6.00 zai ci sama da 80. Ki cire su daga 500, abin da ya rage miki kamar 300 ne, kuma daidai nan likitoci masu taka-tsantsan ke tsayawa. In aka bar shi siriri yana iya bultsowa bayan shekaru, gani ya lalace yadda gilashi ba zai gyara ba. A PRK babu murfi, fatar sama kawai ake gogewa ta sake tsirowa, shi ya sa ake ba masu siririyar koniya ita. SMILE kuma leza ce ke yanka ɗan faifai a ciki, a zaro shi ta ƙofar da ba ta wuce milimita 4 ba.

Abu biyu ba ki faɗa ba. Lambarki ta canza cikin shekarar nan? Kina murza ido?

'Yar Arkilla: Sista na gode. Hagun -5.25 ne bara, amma ina ganin mai gwajin ne bai iya ba. Murza ido kuwa wa ke Sakkwato bai murza ido ba? Da zafi yana min ƙaiƙayi ya yi ja, shi ke nan.

Baban Yusra: To kin gani. Ni ma ina murzawa, mi ya same ni? Masu aikin asibiti sun iya tsorata mutane da lamba. Asibitin da ya ce ki zo ai su ma likitoci ne.

Ɗan Mabera: Ni PRK aka yi min saboda ina buga ƙwallo, likita ya ce in an daki ido murfin LASIK na iya gocewa. Ba zan ɓoye miki ba, kwana uku na yi a ɗaki mai duhu ina hawaye kamar an zuba min barkono. Rana ta biyar aka cire ledar da suka liƙa a idon, gani kuma bai washe sosai ba sai bayan wata guda. Sun ce in lizimci baƙin gilashi saboda rana tana sa wurin ya yi hazo, kuma kun san ranar garin nan. Abin da ya fi ƙona min rai ba zafin ba ne, komawa duba ido ne. Ba wanda ya lissafa min kuɗin zirga-zirgar Abuja, ga halin da hanya take ciki. Ki sa wannan a kasafinki.

Anti Luba: Ɗiyata, shi angon ba da gilashin ya gan ki ya ce yana so ba? Dangin miji ba a iya musu. Ni shekara goma sha takwas ina yi, da suka gama da tsawona sai suka koma kan tuwona. Kuma ki sani bayan aikin nan za a hana ki kwalli da kwalliyar ido na wani lokaci, ko alwala sai da dabara don kada ruwa ya shiga. Amarya da jan ido a hoto?

Sista Hajo: 'Yar Arkilla, amsar da kika ba ni ta fi 498 ɗin damuna. Ƙa'ida ita ce lamba ta tsaya cak aƙalla shekara ɗaya kafin a taɓa ido. Siririyar koniya, lamba na hawa, ga ƙaiƙayi da murza, dole a tabbatar ba keratokonas ba ce, ciwon da koniya ke tsini a hankali. In ita ce, duka ukun ba naki ba ne yanzu, wani aikin daban ake yi na ƙarfafa ta. An ba ki wata takarda mai launuka kamar taswira? Ita ke nuna wannan. Kuma Disamba tsakiyar hunturu ne, ga ƙura ga allin aji, alhali LASIK ce ta fi busar da ido. Baban Yusra, tsakani da Allah, ba ka ɗiga magani?

Baban Yusra: Ɗan ruwan hawayen nan ne kawai in hunturu ya kama, sai fitilar mota da ke ɗan baje min da dare. Wanga ba matsala ba ce. Shekara arba'in da uku gare ni, gilashin karatu kaɗai nake sawa.

Maman Khalil: Au, ashe har yanzu da gilashin?

'Yar Arkilla: Na ji duka, Allah ya saka da alheri. Amma ku gane, ba don gwaggon kaɗai ba ne, ni ce na gaji. In na ɗaga zuwa bayan biki, wa ya sani ko zai bar ni in yi tafiyar, kuma an ce in ciki ya shiga sai an yaye. 'Yan kunnen kuma na riga na sayar. Asibiti na biyun sun ce akwai rangwame zuwa ƙarshen wata. Akwai mai zuwa Abuja wajen 18 ga Disamba mu haɗa hanya?

Baban Yusra: Ki yi min magana ta gefe, akwai direban da na sani.

Sista Hajo: Ba ki amsa min maganar takardar mai launuka ba. An yi miki ko ba a yi ba?