Buga gem ɗin PC a laftof ko waya ta wifi ɗin gida

mai_tsohon_laftof:
Salam jama'a. PC ɗina yana ɗaki, ni kuma so nake in riƙa buga gem a falo da tsohon laftof ɗina. Na kunna Steam Remote Play (tsarin manhajar gem ta Steam da ke turo hoton gem daga PC zuwa wata na'ura), hoto na zuwa amma yana tsinkewa, in na danna maɓalli sai an ɗan jima motar cikin gem ɗin ta juya, har na daki bango sau uku. Kuma wai abin yana cin data ne?

ɗan_cafe:
Wslm. Data kam baya ci in PC da laftof duk kan rauta (na'urar da ke raba wifi) ɗaya suke, hoton daga PC yake zuwa laftof kai tsaye, shiga akawun ɗinka na Steam ne kawai ke neman intanet. Matsalarka wifi ce, na tabbata kan layin wifi na 2.4GHz kake, mai saurin cunkushewa. Koma layin 5GHz, wanda ya fi sauri, in rautarka na da shi, amma fa baya son bango, ka matso kusa.

injiniya_bajeti:
Malam ka sayi wayar LAN (kebul ɗin netwok) kawai ka jona PC ɗin da rauta, ko da laftof ɗin ya zauna kan wifi zaka ga bambanci, ni haka nayi ta fama wata guda ina zargin laftof ashe ba laifinsa bane, shi aikinsa nuna bidiyo ne kawai PC ke ɗaukar nauyin. Sannan ka sauke ingancin hoton zuwa 720p tukuna. In bai yi ba gwada manhajar Sunshine a PC da Moonlight a laftof, aikin Remote Play ɗin suke yi, kyauta ne, a wajena ya fi santsi.

mai_tsohon_laftof:
Na ja waya ta ƙarƙashin ƙofa, uwargida na ta mita amma tsinkewar ta tafi. Saura sauti, a PC yake fita ba a laftof ba.