Ƙanwata ta saka takardar NIN ɗinta a TikTok, ya zan yi?

Salamu alaikum jama'a, dan Allah a taimaka min da shawara. Ƙanwata ce, shekararta 16, komai ta samu sai ta ɗora, har ƙofar gidanmu da yunifom ɗin makarantarsu da bajo a jiki duk sun fito a bidiyo. To satin da ya wuce ta karɓo takardar NIN, murna ta sa ta ɗaga ta a kyamara, lambobin nan 11 ga su raɗau har da adireshi. Na sa ta goge amma ashe wani ya riga ya sauke ya sake ɗorawa a nasa akawun, mun yi rifot sau uku shiru kake ji. Jiya kuma wani ya kira ta wai daga banki yake, ya faɗi cikakken sunanta yana neman BVN ɗin Umma, Allah ya sa ta kashe wayar.

Na gwada Family Pairing ɗin nan, wato tsarin TikTok na haɗa akawun ɗin babba da na yaro don a sa masa ido, sai yarinya ta buɗe wani akawun a wayar ƙawarta. In Baba ya ji ƙwace wayar kawai zai yi, kuma bidiyon na nan. Ta ina ake bi a sauke shi, kuma da NIN kaɗai za su iya taɓa kuɗin mutum?